Kuɗin Gajimare

Ƙarfe huɗu na asuba a kasuwar Mil Sha Biyu,
fitilun tireloli na lasar taɓo,
ni kuma ina kan buhun da ba kowa a cikinsa
da littafina mai naɗaɗɗun kunnuwa,
ina jiran motar Sallau daga Auyo.

Buhu tamanin na tattasai muka yi da shi tun kafin shuka.
Na tura kuɗin iri, na tura na taki,
na ƙara na feshi da ya yi mini waya sau uku.
Ba takarda, ba shaida,
sai "Allah Ya kai mu kaka."

Waya ce ta iso, ba mota ba.
Ya ce kogi ya zo cikin dare, bai yi sallama ba.
Ya ce da safe ya shiga gonar da kwalekwalen aro,
yana nuna wa yaransa da sanda:
nan ne iyakarmu, can ne ta Barau.
Ruwa ya ci masa kunya ɗari uku
ya bar masa guda ɗaya a fuska,
ita ce nake ji a muryarsa
da ya zo kan maganar kuɗina.

Kafin hantsi labari ya riga ni zaga rumfuna.
Buhun jiya ya kwana ya ninka kansa
ba tare da ya motsa daga inda yake ba.
Tanimu, da kayansa suka sauko daga dutsen Filato a bushe,
yana ƙirga kuɗi yana ɓoye haƙora.
Ban ga laifinsa ba.
Bara ƙwari ne suka cinye nasa, ni na sayi babur.

Iya Risikatu ta zo daga Ketu da kwanonta na kullum.
Na faɗi farashi. Ta dube ni kamar na zagi mahaifinta.
Ta ce, "Aboki, zinariya ka shuka?"
Ta sayi rabi, ta haɗa da dameji.
Yau da rana direbobi za su ci shinkafarta
su ce miyar ta yi tsululu.
Ba su sani ba, ruwan Auyo ne
ya yi tafiyar kwana biyu ba a mota ba
ya sauka cikin tukunyarta.

Akwai wani yaro mai laƙabin wuya
da ya taɓa zuwa mana da zancen inshora.
Ya ce tauraro na sama yana auna ruwan kowane ƙauye,
in ya wuce layi, sai a biya.
Na saya wa Sallau, don kada a ce ban waye ba.
Yau na kira shi. Ya duba na'urarsa, ya ce
ruwan Auyo bai kai layi ba.
Gaskiya ya faɗa.
Ruwan da ya ci Sallau ba a kansa aka yi shi ba,
a garin wasu aka yi, ya taho da ƙafarsa.

To wa zan kai ƙara?
Gajimare ba shi da shago, ba shi da shugaban ƙungiya,
amma da kasonsa a kowane buhu,
kuma shi ke fara ɗauka.

Ga hadarin Ikko ma ya haɗo ta Ikorodu.
'Yan dako na gudu da tampol,
kwata ta fara amai.

Na buɗe littafi a shafin Sallau.
Ban soke ba, ban kuma ja layi ba.
A ƙasa na rubuta: irin rani, dubu arba'in.
Ɗigo ɗaya ya faɗo kan sifilin ƙarshe,
tawadar ta bazu.
Na rufe da sauri, na cusa cikin riga.